Ƙashi, Dutse da Jini: Hujjojin Zumuncin Halittu



Mai girma shugaban wannan zama, malamaina da ke sahun gaba, shugabannin ɗaliban da suka shirya wannan lacca, iyayenmu maza da mata, 'yan uwana ɗalibai, barkanku da warhaka. Ina godiya da wannan gayyata, ina kuma ba waɗanda suke tsaye a baya haƙuri, zan yi ƙoƙari kada in daɗe.

Batun da aka ba ni mai zafi ne, wato hujjojin da masana kimiyyar halittu suke kafawa da su cewa jinsunan halittu suna sauyawa a tsawon zamani, kuma tushensu guda ne. Shi ake kira juyin halitta. Na san da yawanmu da an ambaci Darwin sai mu yamutsa fuska mu ce, "Mutumin nan da ya ce daga biri muka fito?" To bari in share fage da abu biyu. Na ɗaya, ba fatawa na zo bayarwa ba. Abin da ya shafi nassi yana da ma'abotansa, ga wasunsu nan zaune, sun kuma fi ni sani nesa ba kusa ba. Nawa shi ne in shimfiɗa muku abin da aka tono, aka auna, aka gwada. Na biyu, ka'idar ba ta ce birin da ke ɓarna a gonar masara shi ne kakan kowa ba. Cewa ta yi mutum da biran yau sun haɗa kaka a can baya, kamar yadda ta ce akuya da tunkiya sun haɗa kaka, haka ma gero da dawa.

Charles Darwin ya fitar da littafinsa kan asalin jinsunan halittu a 1859, ya rasu a 1882. A zamaninsa babu wanda ya san aikin DNA, wato rubutun da ake gada daga iyaye a ƙwayoyin jiki, babu hanyar auna shekarun dutse, akasarin ƙasusuwan da zan ambata kuma suna binne ba a tono su ba. Ku riƙe wannan, don shi ne ƙashin bayan maganata. Yawancin hujjojin sun zo ne bayan mai maganar ya mutu, daga fannonin da ba su haɗa hanya ba, kuma kowace ɗaya cikinsu tana iya fitowa ta ƙaryata shi.

Hujja ta farko: tsarin jiki

Ku ɗaga hannunku ku duba. Ƙashi ɗaya a dantse, biyu daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, sai tarin ƙananan ƙasusuwa, sai yatsu. Yanzu ku tuna fiffiken jemage. Ƙashi ɗaya, sai biyu, sai ƙanana, sai yatsu da suka yi tsawo ƙwarai, fata ta shimfiɗu a tsakaninsu. Ayu da ke cikin Kogin Kwara da Binuwai, idan aka buɗe abin da yake iyo da shi, yatsu biyar ne a ciki, har da farce a waje. Doki kuwa a kan yatsa ɗaya yake tsaye, na tsakiya, kofatonsa farcen yatsan ne, kuma a gefen ƙashin akwai 'yan siraran ƙasusuwa biyu, ragowar yatsun da suka shuɗe. Tashi sama, iyo, sukuwa, riƙe alƙalami, ayyuka ne da ba su yi kama da juna ba. Me ya sa tsarin ƙashin ya zama ɗaya? Kuma me ya sa fiffiken jemage ya bi tsarin hannun dabba mai shayarwa, bai bi na tsuntsu ba, alhali da tsuntsu suke aiki iri ɗaya?

Wanda ya taɓa zuwa Kure, kusa da Yamai, ya ga raƙuman dawa. Duk tsawon wuyan nan, ƙashi bakwai ne a ciki, daidai da na ɓera, daidai da naka. Akwai kuma wata jijiya da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa maƙogwaro. Tafiyar kusa ce, amma jijiyar sai ta gangara har cikin ƙirji, ta zagaye babbar hanyar jini kusa da zuciya, sannan ta sake hawowa. A jikin mutum zagayen kaɗan ne, a jikin raƙumin dawa kuwa ya kai wajen mita 4. A jikin kifi, wanda ba shi da wuya, wannan jijiya hanyarta miƙaƙƙiya ce, tana bi ta bayan hanyar jinin nan zuwa inda yake shaƙar iska. Da wuya ya yi ta tsawo a zuriyoyin baya, zuciya ta yi ƙasa, sai jijiyar ta zauna a sarƙafe, ba ta da yadda za ta kuɓuce sai dai ta ƙara tsawo.

Ku tambayi gardi ya juya muku mesa, za ku ga wasu 'yan ƙayoyi biyu kusa da wutsiya. A ƙarƙashinsu akwai guntun ƙashin ƙugu da na cinya. Me maciji yake yi da ƙashin cinya?

Hujja ta biyu: abin da ke binne a ƙasa

A nan zan ɗan daɗe, don wannan hujja a ƙarƙashin ƙafarmu take. Dutsen da ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato don yin siminti cike yake da ɓawon halittun teku, domin akwai lokacin da teku ya ratsa Sahara ya malale yankin. A ƙasar Goronyo an tono ƙasusuwan wata dabbar teku mai jan ciki, 'yar uwar su damo da guza, wadda ta rayu wajen shekara miliyan 70 da suka wuce, aka raɗa mata suna Goronyosaurus. A Gadufawa, cikin Tenere ta Nijar, Bafaranshe Philippe Taquet, daga baya kuma Ba'amurke Paul Sereno, sun tono dabbobin da suka rayu wajen shekara miliyan 110 baya. Cikinsu akwai Nigersaurus mai haƙora fiye da 500, da wani kada da tsawonsa ya kai mita 9 ko fiye. Wanda ya je gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai zai ga irin waɗannan ƙasusuwa da idonsa.

Wani zai ce, wa ya ƙirga shekarun? Ana auna su ne da wasu sinadarai da ke cikin dutse, waɗanda suke rikiɗa zuwa wani sinadari da ƙayyadadden sauri. Wani nau'in fotasiyam, misali, rabinsa yana rikiɗa cikin shekara biliyan 1.25. Yuraniyam kuma yana komawa darma da nasa saurin. Idan aka auna dutse guda da hanyoyin biyu, amsoshin suna haɗuwa.

Amma girman dabbobin Gadufawa bai kai abin da ba a samu a wurin ba muhimmanci. A cikin duwatsun nan babu ƙashin saniya, babu na raƙumi, babu na biri, babu na mutum. Haka abin yake a ko'ina a duniya. Ƙananan halittu masu ƙwaya ɗaya ne a duwatsu mafi tsufa, sai kifaye, sai masu ƙafa huɗu, sai masu shayarwa, su ma manyansu ba su bazu ba sai bayan shekara miliyan 66 da suka wuce. Da a ce wani zai tono ƙashin akuya ɗaya tak a cikin dutse mai shekara miliyan 500, da ka'idar ta shiga uku. Fiye da shekara 160 ana tono, ba a samu ba.

Ga misalin yadda ake gwada ta. Masana sun lura cewa a duwatsu masu shekara miliyan 385 kifaye ake samu, a masu shekara miliyan 365 kuma akwai dabbobi masu ƙafafu da yatsu. Sai Neil Shubin da abokan aikinsa suka ce, in dai maganar gaskiya ce, to a nemi dutse mai shekaru tsakanin biyun, wanda ya samu a bakin tsohon kogi. Suka duba taswira, suka nufi tsibirin Ellesmere a ƙuryar arewacin Kanada, suka yi shekaru suna nema cikin sanyi. A 2004 suka samo Tiktaalik, mai shekara miliyan 375. Kifi ne mai ɓawo a jiki, amma kansa a baje yake kamar na kada, yana da wuya, kuma cikin abin iyonsa akwai ƙashi ɗaya, sai biyu, sai ƙanana. Ku lura, sun faɗi inda za a same shi kafin su same shi. Kada kuma kifi mai shaƙar iska ya ba ku mamaki. Gaiwa da yara ke haƙowa daga busasshen laka da rani huhu gare ta, kuma binciken DNA ya nuna ita da 'yan uwanta ne suka fi kowane kifi mai rai kusanci da masu ƙafa huɗu.

Sai labarin wel, ƙatuwar dabbar tekun nan da ake ɗauka kifi ce alhali haihuwa take yi tana shayarwa. A Wadi al-Hitan, cikin hamadar Masar, akwai ƙwarangwal ɗin wani tsohon wel, Basilosaurus, mai tsawon fiye da mita 15. A 1990 Philip Gingerich ya bayyana cewa yana da ƙafafun baya da ba su kai mita ɗaya ba, amma da gwiwa da yatsu. A Pakistan kuma an samo waɗanda suka girme shi, masu shekara wajen miliyan 50, da ƙafafu huɗu na tafiya. Sai gardama ta tashi. Masu nazarin DNA suka ce dorina ce 'yar uwar wel mafi kusa, wato wel ɗan gidan masu rababben kofato ne. Masu tonon ƙashi da yawa suka ƙi yarda, suna ganin daga wata zuriya dabam ya fito. A 2001 aka tono ƙashin idon sawun waɗannan tsofaffin wel ɗin, sai ga shi da siffar nan mai kwari sama da ƙasa, wadda ba a samunta sai a su akuya, saniya, raƙumi da dorina. Masu ƙashi suka sallama.

Hujja ta uku: yadda halittu suka rarrabu a doron ƙasa

Wannan a gurguje zan wuce ta. Hamadar Ostareliya ta dace da raƙumi, shaida kuwa waɗanda aka kai can a ƙarni na 19 sun yaɗu har sun zama abin damuwa. To me ya sa babu shi a can tun asali? Saboda ƙasusuwan kakannin raƙumi a Arewacin Amurka suke. Daga can wasu suka tsallaka Asiya ta gadar ƙasa, wasu suka gangara Kudancin Amurka suka zama lama, Ostareliya kuwa ruwa ya yanke ta. Tsibiran da ke tsakiyar teku ma haka. Akwai tsuntsaye da jemagu, amma da wuya ka sami kwaɗo ɗan asali, don ruwan gishiri kashe shi yake. Mazauna kowane wuri zuriyar waɗanda suka iya isa wurin ne.

Hujja ta huɗu: rubutun da ke cikin jini

A cikin ƙwayoyin jikin kowace halitta akwai DNA, dogon rubutu da haruffa huɗu, wanda ake gada daga iyaye. Na mutum ya kai harafi biliyan 3. Abin mamaki na farko shi ne, ƙa'idar karanta rubutun kusan iri ɗaya ce daga bakteriya har giwa. Shi ya sa a 1978 aka iya ɗaukar umarnin yin insulin na mutum aka sa a cikin bakteriya, ta karanta, ta yi. Tun 1982 masu ciwon suga suke amfani da irin wannan insulin.

Wani zai ce, kamanni ba ya nuna zumunci, ai abubuwan da ke aiki iri ɗaya dole su yi kama. Magana ce mai ma'ana, kuma amsarta tana wajen malamanmu masu nazarin tsofaffin littattafan da aka kwafa da hannu. A ce ga kwafi biyu na littafi guda, ɗaya daga Katsina, ɗaya daga Agadas. Idan sun dace a inda rubutun yake daidai, wannan bai nuna komai ba. Amma idan a shafi guda dukansu sun tsallake layi guda, sun kuma ɗiga ɗigo a inda bai kamata ba a kalma guda, malam zai ce daga uwa ɗaya aka kwafo su, kuskuren nata ne. To DNA cike yake da kurakuran da aka gada.

Ga ɗaya. Akuya ba ta bukatar lemo, hantarta ce ke yi mata bitamin C. Mu kuwa in muka rasa shi a abinci sai dasashi ya kama jini. Da aka duba DNA ɗinmu sai aka tarar umarnin yin bitamin ɗin yana nan a wurinsa, amma a lalace. Na birin cimfanzi, irin wanda ke dajin Gashaka-Gumti a Taraba, shi ma a lalace yake, haka na gorila, kuma lalacewar ta zo a wurare iri ɗaya da namu. Akwai wani ɓeran Kudancin Amurka da shi ma ya rasa wannan baiwa, amma tasa lalacewar dabam ce. Wane bayani ne ya fi sauƙi?

Ga na biyu. Wasu ƙwayoyin bairos suna cusa rubutunsu cikin DNA na wanda suka kama. Idan abin ya faɗa a ƙwayar haihuwa, zuriya ta gaje shi ke nan. Wajen kashi 8 cikin 100 na DNA ɗinmu ragowar irin waɗannan ne, kuma mafi yawansu suna zaune a gurbi ɗaya a jikinmu da jikin cimfanzi. Cikin gurabe biliyan 3, ta yaya bairos zai faɗa wuri guda a jinsi biyu, sau dubbai, in ba a jikin kaka ɗaya ya faɗa ba?

Na uku shi ne ya fi burge ni, don nan ma ka'idar ta sa wuyanta. DNA a ɗaure yake cikin ƙunshi-ƙunshi da ake kira kuromosom. Mutum yana da 46, cimfanzi da gorila da orangutan kuwa 48. In an haɗa kaka, ina biyun suka tafi? Ba za su ɓace haka kawai mutum ya rayu ba, sai dai in haɗewa suka yi. In kuwa haɗewa ce, dole a ga tabo. Kowane kuromosom yana da wani rubutu na musamman a bakinsa biyu, da maɗauri ɗaya a jikinsa. A 1991 aka gano cewa kuromosom na 2 na mutum yana ɗauke da rubutun baki a tsakiyarsa, biyu sun yi karo da juna. Yana kuma da maɗauri na biyu wanda ya daina aiki. Rabinsa ya dace da wani kuromosom na cimfanzi, ɗaya rabin ya dace da wani.

Hujja ta biyar: abin da ke faruwa a gabanmu

Manoman da ke cikinmu sun san shibra. Tana tsiro cikin gero, ba ka bambance su sai ta fitar da kai, sannan ta kakkaɓe tsabarta ƙasa kafin girbi. Halin geron daji ne ke dawowa ta barbara. Geron daji zubar da tsaba yake yi, kakanninmu na Sahel ne suka yi ta ajiye irin wanda bai zubar ba, shekara bayan shekara, har ya zama geron da muke ci. A kwarin Tilemsi na Mali an sami alamun geron gida mai shekara wajen 4,500. Abin da manomi ya yi da hannunsa, Darwin ya ce fari da cuta da yunwa suna yin irinsa ba tare da niyya ba.

Manyanmu sun tuna lokacin da kulorokwin yake kwantar da zazzaɓin cizon sauro cikin kwana uku. A ƙarshen shekarun 1950 aka fara ganin ƙwayar cutar da ba ta jin sa a kudu maso gabashin Asiya da Kolombiya. Ta iso Gabashin Afirka a 1978, ta bazu yamma, har Nijeriya ta canza magani a wajajen 2005. Ba wayo ƙwayar ta koya ba. Wadda ta zo da ɗan canji a DNA ita ta tsira, ta hayayyafa, ta gaje filin. Shi ya sa likita ke cewa a shanye magani har ƙarshe.

Sikila ma haka. Harafi ɗaya ne ya canza a DNA. Mai AS yana da kariya daga zazzaɓi mai tsanani, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a 1954, mai SS kuwa mun san wahalar da yake sha. Don haka canjin ya yawaita a inda sauro ya yi yawa, har kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da shi, abin da ya sa ake matsa wa masu niyyar aure su yi gwajin jini. Akasarin manyan mutane a duniya kuma ɗanyar madara tana ɓata musu ciki, amma Fulani da yawa suna sha lafiya lau, saboda wani canji da ya yaɗu cikin zuriyar makiyaya. Makiyayan Gabashin Afirka suna da nasu canjin dabam, Larabawa masu raƙuma ma da nasu.

Ina jin wani yana cewa a ransa, "Malam, duk wannan canji ne cikin jinsi ɗaya, gero bai zama dawa ba." Haka ne, a rayuwar mutum ɗaya ba za ka ga haka ba. Amma dubi doki da jaki. Doki kuromosom 64, jaki 62, suna barbara a haifi alfadari mai 63, wanda kusan kullum ba ya haihuwa. Da ba su da zumunci, da ba a haifi komai ba. Da jinsi ɗaya ne, da alfadari ya haihu. Rabuwa ce da ta yi nisa amma ba ta gama yankewa ba, kuma miliyoyin shekaru kaɗan ne suka kawo ta haka. Rayuwa kuwa ta haura shekara biliyan 3.5 a doron ƙasa.

Saura maganar da na san ita kuke jira, ta mutum. A 1871 Darwin ya yi hasashen cewa a Afirka za a sami mafarin zuriyar mutum, lokacin babu ƙashi ko ɗaya da aka tono a nan. A 1974 aka sami ƙwarangwal ɗin da ake kira Lucy a Habasha, mai shekara miliyan 3.2, ƙugunta da gwiwarta na mai tafiya da ƙafa biyu, ƙwaƙwalwar jinsinta kuwa ba ta fi ta cimfanzi da yawa ba. A 1978 tawagar Mary Leakey ta gano sawun ƙafafu a daskararren tokar dutse a Laetoli ta Tanzaniya, mai shekara miliyan 3.6. A 2001, a hamadar Jurab ta maƙwabciyarmu Chadi, wani ɗan ƙasar, Ahounta Djimdoumalbaye, da ke cikin tawagar Michel Brunet, ya tsinci ƙoƙon kan da ake kira Tumai, mai shekara wajen miliyan 7. Har yau masana suna gardama kan ko Tumai da ƙafa biyu yake tafiya, suna kuma gardama kan wane ƙashi ne kaka, wane ne ɗan uwan kaka. An ma taɓa yin maguɗi a fannin. A Piltdown ta Ingila, a 1912, wani ya haɗa ƙoƙon kan mutum da muƙamuƙin orangutan, aka yi shekara 41 kafin asiri ya tonu a 1953. Masana ne da kansu suka tona shi, da gwajin sinadarai, kuma abin da ya fara jawo zargi shi ne ya ƙi dacewa da ƙasusuwan gaskiya da ake ta samowa a Afirka da Asiya.

Shugaba, na ga ana yi mini nuni da agogo, don haka a nan zan dakata.   Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ko gyara ko suka ya ɗaga hannu, ina kuma roƙon a fara da waɗanda ba su gamsu ba.